Idan ruwa ya shiga siton kemikal: me ake nufi da shirin ko-ta-kwana, kuma a wuyan wa yake?

Duk shekara kafin damina ta kankama hukumomi biyu suna fitar da sanarwa, NiMet ta faɗi yadda take hasashen ruwan bana zai kasance, ita kuma NIHSA mai lura da koguna da madatsun ruwa ta jero jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Yawancinmu in muka ji, hankalinmu kan gidaje yake tafiya da gonaki da gadoji. To amma daren da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwan da ya mamaye Maiduguri bai tsaya a gidaje ba, ya shiga Monday Market, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga gidan zoo, kuma duk wanda ya san manyan kasuwanninmu na Arewa ya san babu wadda za ka shiga ba ka tarar da layin masu maganin feshi da taki da fenti da asid da kayan haɗa sabulu ba. Mai atamfa in ruwa ya ci shagonsa asarar tasa ce shi kaɗai. Mai kemikal kuwa asarar tana iya bin ruwa ta fita ta tarar da mutanen da ba su ma san da shagon ba, shi ya sa ake ware wa wannan kasuwanci nasa tsarin shiri daban, kuma shi ya sa ake ta jayayya kan wanda zai biya kuɗin shirin.

Su wane ne dilolin, kuma mene ne shirin

Dilan kemikal ba shi ke sarrafa kayan ba, shi a tsakiya yake. Kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Onne, a loda tirela zuwa Kano ko Kaduna, a sauke a sito, daga nan a riƙa rarrabawa, ganga-ganga, jarka-jarka, katan-katan, har a kai ga mai auna wa mutum rabin lita a kwalbar lemo. Masu sayensu su ne kamfanonin jima irin na Challawa da Sharada da Bompai, masu rini, masu sabulu, masu fiya wata, hukumomin ruwan sha, masu walda, sai kuma manoma waɗanda su ne suka fi yawa.

Bambancinsa da masana'anta yana da muhimmanci. Masana'anta tana aiki da sinadarai ƙalilan da ta sani ciki da waje, tana da injiniyoyi. Shi kuwa dila iri hamsin ko ɗari za ka samu a ɗaki ɗaya, abin da ke sito yau ba shi ne na sati mai zuwa ba, masu ɗauka da jerawa kuma 'yan dako ne da yaran shago da ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce wannan buhun kar ya kusanci wancan.

Masana a Turai suna da sunan da suke kiran irin wannan haɗari, Natech, wato haɗarin sinadarai ko na masana'anta wanda bala'in yanayi ne ya tayar da shi, ambaliya ko guguwa ko tsawa ko tsananin zafi ko girgizar ƙasa. Shirin ko-ta-kwana kuma yana nufin abin da aka tanada tun kafin a ga hadari, da abin da za a yi cikin awoyin da ruwa ke hawa, da yadda za a yi da ɓarnar bayan ya janye. Girgizar ƙasa ba ita ce damuwarmu a nan ba, duk da ɗan motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a 2018. Namu uku ne, ruwa da iska da zafi.

Abin da ruwa yake yi wa kayan

Mutane da yawa suna ɗauka ruwa ai maganin wuta ne, in ya shiga sito iyakaci kaya su jiƙe. A siton kemikal ba haka abin yake ba, akwai kayan da ruwan ne ma yake kunna su.

Ɗauki kabaid, wanda masu walda ke sakawa a tukunyarsu, wasu kuma suke nuna ayaba da mangwaro da shi duk da an hana. Aikinsa kenan in ya taɓa ruwa ya saki gas mai kamawa da wuta. A tukunyar mai walda kaɗan-kaɗan ake ɗiga masa, to ka ƙaddara ganga guda da murfinta bai rufu da kyau ba, ruwa ya kai mata, sito a kulle, gas ya taru, da safe yaro ya buɗe ƙofa ya danna makunnin fitila.

Ko ƙwayar nan da manoma ke kira bom, wadda ake jefawa a buhun wake da masara. Ita da danshin iska kaɗai take aiki, ta riƙa sakin iska mai guba a hankali, warinta kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. In ruwa ne ya same ta kai tsaye, da yawa a lokaci guda, gubar takan fito da ƙarfi har tana iya kamawa da wuta da kanta. Gwangwaninta in a rufe yake da hatimin kamfani yana da kariya, matsalar ita ce wanda aka riga aka fasa ana sayarwa ɗai-ɗai.

Hodar haidros da masu rini ke haɗawa da soda, ita ma in ta ɗan jiƙe zafi take ɗauka daga ciki har ta kama. Hodar kulorin ta tace ruwan sha, in ta samu ɗan ruwa da zafi ko ta haɗu da mai ko asid, sai hayaƙi mai shaƙe numfashi, wani lokacin da gobara. Kostik soda in ta narke ruwan yana zafi yana cin fata, wanda ya taka shi ba takalmi ya san ya taka wani abu. Sannan akwai sinadarin da majema ke cire gashin fata da shi, in ya gamu da asid yana fitar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda in ya yi yawa hanci ma daina jin warinsa yake, mutum sai dai ya faɗi. A ranar da ba ruwa waɗannan biyun suna iya shekara a sito ɗaya, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, ba abin da ya faru. Ambaliya ce ke ɗauko wannan ta kai wa wancan.

Sai masu yawo a saman ruwa, fetur da tina da kananzir da maganin feshin da aka dama da mai. A Accra ranar 3 ga Yunin 2015 mutane sun fake wa ruwan sama a wani gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya malalo ya bi saman ruwan ambaliya, wuta ta kama ta bi ruwan, mutum kusan 150 suka rasu a wannan dare. Ganga ma kanta tana iyo, musamman wadda aka sha rabinta, ruwa ya ɗaga ta ya buga da bango ko da wata gangar. A Amurka lokacin guguwar Katrina ta 2005 wani ƙaton tankin ɗanyen mai da bai cika ba haka ruwa ya ɗaga shi daga mazauninsa ya fashe, man ya shiga gidaje sama da dubu.

Dalilin da ya sa kariyar da aka saba ba ta isa

Dila zai ce ai ina da tukunyar kashe gobara, ina da janareto, ina da maigadi, ga lambar 'yan kwana-kwana a waya. Duk waɗannan an tanade su ne don ranar da abu ɗaya ya lalace sauran suna nan lafiya. Bala'in yanayi kuwa gaba ɗaya yake ɗauke su, kuma misalin da masana suka fi kawowa shi ne abin da ya faru a garin Crosby na jihar Texas a watan Agustan 2017.

Kamfanin Arkema yana da ma'ajiyar wani sinadari da ake haɗa roba da shi, wanda dole sai a cikin sanyi yake zama, in ya ɗumama da kansa yake kamawa. Suna da wutar lantarki, suna da janaretoci, suna da wani tsarin sanyaya na uku, suna kuma da motoci masu firji in duk waɗancan sun gaza. Kariya hawa huɗu kenan. Guguwar Harvey ta zo da ruwan da ya kai wajen ƙafa shida a harabar, lantarki ya tafi, janaretoci suka nutse, tsarin na uku ya tsaya, ma'aikata suka yi ta jigilar kayan cikin ruwa zuwa motoci tara, daga baya ruwan ya kai ga injinan sanyin motocin su ma. Aka kwashe mutanen da ke zaune cikin mil ɗaya da rabi, sama da mutum 200 suka yi mako guda ba su koma gida ba, kayan kusan tan 160 suka ƙone. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka da ta fitar da rahotonta a 2018 ta ce duk kariyar nan huɗu abu ɗaya ne yake iya kashe su, tsayin ruwa, kuma shirin kamfanin an gina shi ne kan ruwan da ma'aikata suka taɓa gani a rayuwarsu, wanda bai wuce ƙafa biyu ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi kusa da mu. “Shekara ashirin ina wannan layin ruwa bai taɓa wuce dakali ba”, haka za ka ji. Kafin 2024 rabon Maiduguri da ambaliyar Alau irin wannan tun 1994, shekara talatin, wato akwai 'yan kasuwa da yawa da suka buɗe shago suka girma a ciki ba su taɓa ganinta ba.

Iska ma tana da nata. A 2020 guguwar Laura ta yaye rufin wata masana'antar sinadarin tsaftace ruwan wuraren ninƙaya ta kamfanin Bio-Lab a jihar Louisiana, ruwan sama ya zuba kan kayan, suka ɗau zafi, gobara ta tashi da hayaƙin kulorin har aka rufe babbar hanya sama da kwana guda. Ba ambaliya a nan, kwano ne kawai ya tashi, abin da muke gani duk farkon damina daga Sakkwato har Maraɗi. Zafin Maris da Afrilu kuma, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, cikin kwantenar ƙarfe ko sito mai rufin kwano ba taga ya fi haka nesa ba kusa ba, jarkoki su kumbura, murafe su saki, magani ya rage ƙarfi tun kafin wa'adinsa.

Ko kashe gobarar ma yana da nasa haɗarin. A 1986 wani siton maganin ƙwari na kamfanin Sandoz kusa da Basel a Suwizalan ya kama da wuta, aka kashe ta, amma ruwan da aka kashe ta da shi ya kwashi gubar ya zuba a kogin Rhine, kogin ya yi ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita. Tun daga nan a Turai ake tambayar mai sito ina ruwan kashe gobararsa zai taru.

Kalandar kasuwa da kalandar ruwa

A Arewa akwai wani abu da ke ƙara tsananta lamarin, lokacin da sito ya fi cika shi ne lokacin da haɗarin ya fi yawa. Dilan maganin ciyawa da taki yana cika sito ne daga ƙarshen bazara don ya tari damina, iskar farkon damina ta same shi a cike. Agusta da Satumba da ƙasa ta ƙoshi koguna suka cika, lokacin ne kuma ake shigo da maganin ajiyar hatsi don kaka. Mai kulorin da alam shi ma lokacin ne aka fi nemansa saboda ruwa ya gurɓace ana fargabar kwalara.

Ga kuma hanya. A 2022 da ruwa ya shanye titin Lokoja wajen Koton Karfe, tireloli da tankoki kwana da kwanaki suka yi a tsaye har man fetur ya yi wuya a Abuja. A irin wannan layi motar asid tana iya tsayawa gab da tankar mai, a rana, kusa da masu sayar da abinci da suka kunna wuta, direba kuma takardar da ke hannunsa ba lallai ta faɗi abin da za a yi in ganga ta fara yoyo ba. Saboda haka shirin dila bai ƙare a ƙofar sito ba, kayan da ke kan hanya ma nasa ne.

To shirin kansa me ya ƙunsa

Abu na farko ba ya cin ko kwabo, sanin abin da ke ciki. Jerin kaya da adadinsu da inda kowanne yake, a rubuce, kwafi ɗaya a waya ɗaya a gida, don littafin da aka bari a kan teburin sito tare da kayan zai nutse. Kowane sinadari na ƙwarai yana da takardar bayanin haɗari daga kamfanin da ya yi shi, mai sashe 16, sashe na 7 yana faɗin yadda ake ajiye shi, na 10 yana faɗin abin da bai kamata ya haɗu da shi ba, kuma haƙƙin mai saye ne ya nema wajen wanda ya sayar masa. Amfanin wannan ya fito fili a fashewar da ta auku a titin Aba da ke Sabon Garin Kano a watan Mayun 2022, inda mutum tara suka rasu kusa da wata makarantar firamare. Da farko cewa aka yi tukunyar gas ce, mutanen unguwa suna cewa bam ne, sai daga baya 'yan sanda suka ce sinadarai ne da aka ajiye a wani shago ba bisa ƙa'ida ba. Ba ruwan sama ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna yadda masu kai ɗauki ke shiga wuri ba su san me ke ciki ba.

Na biyu shi ne jeri. Masu faɗa da ruwa su hau can sama a wuri mafi bushewa, nesa da inda kwano ke ɗiga, asid da soda kowa da ɓangarensa, kulorin shi kaɗai nesa da mai da tina da kwali, masu ruwa-ruwa a ƙasa, masu gari-gari a sama, don in masu ruwan sun yi yoyo kar su zuba a kansu, kuma ba abin da zai zauna a kan siminti kai tsaye sai a kan katako ko dandamali. A yi ɗan gini kewaye da gangunan da zai iya riƙe abin da ke cikin babbar cikinsu in ta fashe, a ɗaure su kar su yi iyo. Janareto da mitar wuta su ma a ɗaga su.

A nan ne ake samun cikas na yau da kullum. Tirela ta iso da magariba, hadari ya haɗo, 'yan dako suna sauri, yaron sito ya ce “Alhaji, wajen kulorin ɗin ya cika fa, sai dai mu jera su nan gefen jarkokin asid zuwa gobe”, maigida yana waya da direban wata motar ya ɗaga hannu ya ce a sa kawai. Goben nan sai ta zama wata guda. Yawancin haɗuwar da ambaliya ke yi wa kaya, mutane ne suka riga suka kusanto da su a irin wannan yammaci.

Na uku shi ne yanke shawara tun da wuri, wane mataki ruwa zai kai a fara kwashe kaya, wanne za a fara ɗauka, ina za a kai, motar wa za a kira, kuma wane lokaci ne za a ce kowa ya fita a bar dukiya. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 da asuba ta zo, mutane na barci, irin wannan ba ta ba da damar kwashe komai, abin da aka yi tun watan jiya shi kaɗai zai yi aiki. Maigadin da ke kwana a wurin shi ya fi kowa buƙatar ya san cewa in ya ji warin tafarnuwa ko idonsa ya fara yaji ba buɗe ƙofa zai yi ya leƙa ba, nesa zai yi ta ɓangaren da iskar gari ke busowa daga can ya tashi maƙwabta.

Doka da masu ja da juna

A Najeriya aikin a rarrabe yake. NAFDAC ce ke ba da izinin shigo da kemikal da rajistar maganin ƙwari, NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idoji kan sinadarai masu haɗari da gurɓata muhalli, NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi su ke zuwa bayan abu ya faru, izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha ne, ga 'yan kwana-kwana. Kowa yana riƙe da gefe guda, amma tambayar ko wannan siton yana kan hanyar ruwa, kuma me ke cikinsa a watan Agusta, ba ta faɗa a tebur ɗaya ba.

Masu ra'ayin a tsaurara suna nuna Turai, inda dokar da ake kira Seveso, wadda aka sabunta a 2012, ta wajabta wa manyan ma'ajiyu su lissafa ambaliya da girgizar ƙasa cikin haɗurran da suke shiryawa. A Amurka ofishin binciken gwamnati ya gano a 2022 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na wuraren da ke riƙe da sinadarai masu haɗari suna yankunan da ambaliya ko guguwa ko gobarar daji ke iya kaiwa, a 2024 hukumar muhallinsu ta fitar da ƙa'idar da ta ce dole a duba haɗarin yanayi da ɗaukewar lantarki, kamfanoni suka ce nauyin ya yi yawa kuma an maimaita abin da wasu dokoki suka riga suka tanada, a 2025 sabuwar gwamnati ta ce za ta sake duba ƙa'idar. Wato ko a can ba a gama magana ba. Masu wannan ra'ayi a nan gida suna cewa a fitar da manyan sito daga cikin kasuwa da unguwanni a kai su wuri guda mai tudu da magudanar ruwa.

'Yan kasuwa kuma suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Da yawansu lokacin da suka kama wurin fili ne, gari ne ya zo ya same su. Kwatar da ta toshe ba su suka toshe ta ba, kuma an ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 aka koma ana maganar gine-ginen da aka ɗora kan magudanai. Mafi yawa haya suke, mai haya ba zai fasa daɓen wani ya ɗaga ba. Sannan tashi daga inda ciniki yake ba ƙaramin abu ba ne, an ga irin dambarwar da aka sha kafin masu maganin asibiti na Sabon Gari su koma Dangwauro, sai da ta kai ga kotu da rufe shaguna a 2024. Suna kuma tsoron in an tsananta, kayan ba za su ɓace ba, komawa za su yi cikin gidaje da gareji inda ba mai gani, wanda ya fi haɗari.

Akwai masu cewa a rage yawan abin da ake ajiyewa a watannin ruwa, a riƙa kawowa kaɗan-kaɗan. Ta fuskar tsaro wannan ita ce hanya mafi sauƙi, abin da ba ya sito ba zai zube ba. Ta fuskar kasuwa kuwa, wanda ya ga yadda Naira ta yi ta faɗuwa daga 2023 ya san dalilin da ya sa mai kuɗi ke saye da yawa ya ajiye, ga shi in hanya ta yanke wanda ke da kaya a ƙasa shi zai ceci manoma da hukumar ruwa.

Inshora ma ra'ayi ya rabu. Wasu suna gudunta saboda addini, ko da yake yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, wasu saboda ba su yarda za a biya su ba. Abin lura dai shi ne takardar gobara zalla ba lallai ta haɗa da ambaliya ba sai an ƙara, kuma biyan kayan da suka lalace daban, biyan ɓarnar da suka yi wa maƙwabta daban. A shari'a akwai tsohuwar ƙa'ida da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, cewa wanda ya tara abu mai haɗari a wurinsa ya kuɓuce ya yi ɓarna shi ke da alhaki, sai dai in ya nuna abin daga Allah ne wanda ba mai iya hangowa. Inda gardamar take shi ne, ambaliyar da hukuma ta sanar tun watanni kafin ta zo, har yanzu ana iya cewa ba a hango ta ba? A Texas an gurfanar da Arkema da wasu shugabanninsa, a 2020 shari'ar ta ƙare ba a kama kowa da laifi ba, amma ƙarar diyya da mazauna yankin suka shigar ta ci gaba daban.

Abin da ya shafi mai gida da manomi

In aka tsaurara doka, kuɗin ɗaga sito da haya a sabon wuri da inshora a kan farashin lita da buhu zai sauka, ƙananan diloli wasu za su fita, manomin ƙauye zai ƙara tafiya kafin ya samu magani. In aka bar abin yadda yake, kuɗin yana nan, sai dai wasu ne ke biya ta wata hanyar, kuma yawanci bayan ruwa ya janye ne.

Kayan da suka jiƙe ba duka ake zubarwa ba. Takin yuriya da ya sha ruwa ya dunƙule ana farfasa shi a sake buhu, kwalaben da takardar jikinsu ta ɓare ana sayar da su da araha a kasuwar ƙauye, mai saye bai san na ciyawa ba ne ko na ƙwari, bai san adadin da zai zuba ba, bai san ranar lalacewarsa ba. Laka da aka kwashe daga sito a zuba a kwata ko bola inda yara ke tsince-tsince. Masu kwashewar kuma 'yan dako ne da silifas da hannu tsirara, alhali aikin na mai takalmin roba ne da safar hannu, bayan an buɗe ƙofofi iska ta ratsa.

Jarkoki da gangunan da ruwa ya kwasa suna ƙarewa a gidajen mutane, a ɗauraye a zuba ruwan sha ko man gyaɗa, kuma roba tana riƙe maganin ƙwari ko an wanke ta da omo sau nawa. Kifin da aka ga ya taso yana iyo a kududdufi bayan ambaliya kusa da irin waɗannan wurare ba na ci ba ne. Rijiyar cikin gida da ruwan ya malale ta, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a tafasa ko a sa kulorin, wannan kuwa maganin ƙwayoyin cuta ne irin na kwalara, ba ya cire maganin feshi ko ƙarfe mai guba daga ruwa. In rijiya tana ƙasa da siton kemikal ta inda ruwa ya gangaro, sai an yashe ta an kai ruwan an gwada kafin a koma sha, kafin nan kuma gidan sai sun nemi ruwa a wani wuri.